Mai Nema a Kudu, Iyali a Dutsen Kura: Yadda Ake Tsare Kuɗi da Ƙwato Haƙƙi

A Dutsen Kura da ke Minna, ɓangaren Hausa da na Gwari duka, akwai gidaje da dama da tukunyarsu ba ta hawa wuta sai waya ta yi ƙarar alat. Maigida yana Mile 12 ko Agege a Legas, ko Sabo da Shasha a Badun, ko Anacha, ko Fatakwal. Wani doya yake sayarwa, wani hatsi, wani yana tuƙa babur, wani gadi. Abin da ya samu kashi biyu ne: na zamansa a Kudu da na cefanen gida. Kafin kuɗin ya zama tuwo a Minna kuwa, sai ya ratsa hannaye da yawa, daga banki zuwa mai POS, direban mota, kamfanin wuta da mai gidan haya. Kowane hannu yana tsakura. Wani haƙƙinsa yake ɗauka, wani kuma rashin saninka yake ci.

Dokokin Najeriya sun ba mai saye da mai ajiya a banki haƙƙoƙi masu yawa. Sai dai kusan dukansu suna tafiya da sharaɗi biyu: ka riƙe shaida, sannan ka bi matakan kai kuka ɗaya bayan ɗaya. Mu kuwa yawancin cinikinmu na baki ne da amana, shi ya sa mai gaskiya kan tashi a tutar babu. Ga bayani kan wuraren da kuɗi ya fi zurarewa. An haɗa kowane adadi da shekarar da aka sa shi, domin hukumomi kan sauya su.

Gida biyu, aljihu ɗaya

Abu na farko, raba jari da kuɗin cefane. Mai shago ko mai tebur da yake ɗiban na abinci daga cikin cinikin rana ba zai gane yana cin uwar kuɗi ba sai ranar sari ta zo. Ka yanka wa kanka abin da za ka riƙa ɗauka a mako ko a wata, kamar albashi, ragowar ta zauna a wani asusu dabam.

Na biyu, ku yi magana da uwargida a kan adadi da rana. Turawa kaɗan-kaɗan tana da tsada. Bisa jadawalin cajin da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fitar ya fara aiki a Janairun 2020, tura naira 5,000 zuwa ƙasa naira 10 ne, daga 5,001 zuwa 50,000 naira 25, abin da ya haura haka naira 50, ban da harajin VAT. Akwai kuma harajin naira 50 a kan duk turawar da ta kai naira 10,000, wanda daga Janairun 2026 mai turawa ne ke biya. Yi lissafi da kanka bisa wancan cajin na 2020: naira 50,000 a tashi ɗaya za ta ci maka kamar naira 75, amma in ka raba ta gida biyar ta dubu goma-goma, naira 375 ke nan. Sannan a can Dutsen Kura mai POS zai ɗauki nasa sau biyar.

Na uku, asusun da ake tura wa ya zama na mai gidan ce da kanta, da lambar BVN tata da layin wayarta. Tura kuɗin iyali ta asusun maƙwabci ko na mai shagon bakin layi yana jawo rigima, kuma in abu ya lalace banki mai asusun kawai ya sani, ba ruwansa da ku.

Idan kuɗi ya maƙale a hanya

Wannan shi ne kukan da ya fi yawa: an cire a Legas, bai shiga a Minna ba. Kada ka yi saurin sake turawa. Buɗe rasit ɗin cinikin ka ɗauki hotonsa, musamman doguwar lambar nan mai alƙaluma 30 da aka rubuta Session ID a gefenta. Da ita ake bin sawun kuɗin tsakanin bankuna biyu.

Ƙa'idar CBN ta 2018 kan tura kuɗi nan take ta ce in turawa ta gaza, aka kai kuka, dole a mayar wa mai shi kuɗinsa cikin awa 24, in ba haka ba akwai tarar naira 10,000 a kan bankin. A watan Yunin 2020 kuma CBN ta sa wa'adi ga sauran hanyoyin. In na'urar ATM ta bankinka ta cire ba ta ba ka ba, ya kamata kuɗin ya dawo nan take, in ya ƙi kada ya wuce awa 24. In ta wani banki ce, awa 48. In a POS ne ko saye ta intanet, awa 72.

A wurin mai POS, in takarda ta fito da cewa cinikin bai yi ba amma alat ya nuna an cire, karɓi takardar nan ka adana. Ba mai POS ne zai biya ka ba, bankinka ne zai dawo da kuɗin, kuma takardar ce hujjarka. Rubutunta yana gogewa cikin 'yan kwanaki a aljihu, saboda haka ɗauki hotonta tun a wurin.

In ka je banki, kada ka tsaya a kan "je ka dawo, zai shigo". Cike takardar koke, ka nemi a ba ka lambar bin sawun koken. Haƙƙinka ne. In mako biyu ya cika ba a warware ba, sai ka rubuta wa sashen kare masu hulɗa da bankuna na CBN ta cpd@cbn.gov.ng, ko ka kai takarda reshen CBN mafi kusa. Akwai reshe a Minna, akwai a Legas, Badun, Fatakwal da sauran manyan biranen jihohi. Abin da za su fara tambaya shi ne shaidar cewa ka fara kai wa bankinka kuka. Wanda ya tsallake wannan matakin, mayar da shi za a yi.

Kuskuren lambar asusu kuwa maganarsa dabam ce. Banki ba ya cire kuɗi daga asusun mutum haka kawai, sai ko mai asusun ya amince ko kotu ta ba da umarni. To ka ga gara ka karanta sunan da ya fito sau biyu kafin ka danna lambar sirri.

Alat na bogi da 'yan damfarar waya

Mai sayarwa, kada ka saki kaya don an nuna maka rasit a wayar mai saye, kada kuma ka dogara da saƙon tes kaɗai. Ana ƙirƙirar duka biyun. Shiga asusunka ka ga kuɗin ya hau kan abin da ke ciki. Masu wannan sana'a sun fi zuwa lokacin cunkoso ko dab da magariba, suna gaggauta ka. Wanda ya ƙi jiran minti biyu, bar shi ya tafi da kuɗinsa.

Babu bankin da zai kira ka ya tambayi lambar sirrin katinka, ko alƙaluman da ke bayan katin, ko lambar nan da ake turowa ta waya don tabbatar da ciniki. Duk wanda ya tambaya ɓarawo ne, ko da ya ambaci cikakken sunanka da ranar haihuwarka. A faɗa wa mata da tsofaffi a gida wannan magana da kyau, don su aka fi kira da sunan tallafin gwamnati. Kada a miƙa wa mai POS kati a faɗa masa lambar sirri ya danna. In waya ta ɓace, a rufe asusu kafin a fara neman wayar: kowane banki yana da lambar da ake dannawa daga kowace waya a toshe asusu, ka nemi ta bankinka yau ka rubuta ta a wani wuri.

In katin wayarka ne ke ƙarewa ba ka san dalili ba, tura kalmar STOP zuwa 2442 don tsayar da saƙonnin talla. In kamfanin layin ya ƙi sauraronka, kira 622, layin koke na hukumar sadarwa ta NCC, kyauta ne.

Ina kuɗi zai kwana?

Ba kowane mai ofis da kwamfuta ne banki ba. Abin dubawa shi ne lasisin CBN da inshorar hukumar NDIC. A 2024 NDIC ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya in banki ya rushe: naira miliyan 5 a manyan bankuna, naira miliyan 2 a ƙananan bankunan da ake kira maikurofainans. Ba a daɗe ba aka ga amfanin abin, domin a ranar 3 ga Yunin 2024 CBN ta soke lasisin bankin Heritage, NDIC kuma ta riƙa biyan mutane ta asusun da suke da shi a wasu bankuna, tana gano su ta lambar BVN. Darasi biyu ke nan: sunanka ya zama iri ɗaya a BVN da NIN da asusu, kuma ɗan kasuwar da kuɗinsa ya wuce adadin inshora kada ya tara shi wuri guda. Wasu manhajojin waya da muke amfani da su kullum lasisin ƙaramin banki gare su, saboda haka a duba.

Mai gudun kuɗin ruwa yana da zaɓi. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021, duka ba sa mu'amala da ruwa, kuma inshorar NDIC ta shafe su.

Adashi yana nan da amfaninsa, shi ya aurar da 'ya'ya da yawa ya kuma tayar da jari. Amma ba shi da inshora. In uwar adashi ta gudu ko ta rasu, littafi ne kawai zai yi magana. A rubuta sunayen masu zubi, adadin zubi, jerin kwasa, da abin da za a yi in wani ya kwasa ya daina zubi. Kowa ya ɗauki hoton shafin a wayarsa.

Wata magana da ba a son yi: iyalinka su san bankunan da kake ajiya. Rubuta sunan mutum a matsayin makusanci a takardar buɗe asusu ba ya ba shi ikon cirar kuɗi bayan rasuwa, sai an kawo takardar kotu. In ba su ma san asusun yana nan ba, haƙƙin marayu zai kwanta a banki shekara da shekaru.

Bashi: a rubuta

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma kasuwancin doya da hatsi tsakanin Neja da Kudu kusan duk a kansa yake tafiya. Ana ɗora kaya a Paiko ko Gwada ko Kasuwar Gwari a Minna, sai an sayar a Mile 12 ko Bodija a turo kuɗi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Ba sai an je wurin lauya ba. Takarda ɗaya ta isa: sunan mai bayarwa da mai karɓa, adadin kuɗi ko ƙwaryar doya nawa a kan nawa, ranar biya, sa hannun su biyun da shaidu biyu. In ana nesa da juna, saƙon WhatsApp ko na murya da mutum ya amsa adadin da bakinsa ya fi babu, kuma kotu tana karɓar irin wannan shaida. Kada a goge.

Hedikwatar 'yan sandan Jihar Neja a Dutsen Kura take, kuma da yawa in bashi ya ƙi fita can ko ofishin yanki suke fara tunani. A sani, 'yan sanda ba masu karɓar bashi ba ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 da dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 sun hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, sun kuma hana kama wani a madadin wani. Wato ba a kama mata ko ƙane a Minna don maigida ya ci bashi a Legas. Wanda ya sa aka tsare mutum a kan bashi, shi kansa ana iya maka shi a kotu a ci shi diyya. In akwai yaudara tun farko, kamar mutum ya karɓi kuɗin kayan da ya san babu su, wannan zamba ce, aikin 'yan sanda ne da EFCC.

Hanyar bashi ita ce sulhu wurin shugabannin kasuwa ko fadar Sarkin Hausawa, in ya gagara sai kotu. A Legas tun 2018 akwai kotun ƙananan basussuka a cikin kotunan majistare, tana sauraron abin da bai wuce naira miliyan 5 ba, ba dole sai da lauya ba, kuma an tsara a gama shari'a cikin kwana 60. A Minna akwai kotunan majistare da na shari'ar Musulunci.

Sai manhajojin ba da rance a waya. Kafin ka danna amincewa, tambayi abu uku: nawa zai shigo hannuna, nawa zan mayar, yaushe? Misali, in an ce rancen naira 20,000 ne, aka cire 3,000 tun farko, aka ce ka mayar da 24,000 bayan mako biyu, to ka biya 7,000 a kan 17,000 cikin kwana 14. Babu sana'ar tebur da ke kawo wannan riba. Hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC, ta fara yi wa masu wannan harka rajista a 2022, ta fitar da cikakkun ƙa'idoji a 2025, kuma tana wallafa sunayen waɗanda ta amince da su. Tura wa mutanen da ke cikin wayarka saƙon cin mutunci ko hotonka saɓa doka ne, ana kai kukansa ga FCCPC da hukumar kare bayanan jama'a ta NDPC, wadda dokar 2023 ta kafa. Ajiye hotunan saƙonnin. Amma fa cin mutuncin da suka yi bai goge bashin da ka ci ba.

"Zuba dubu ɗari, kwashi dubu ɗari biyu"

MMM ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. CBEX ta rufta da kuɗin jama'a a Afrilun 2025. Tsakaninsu an yi wasu da yawa, wasu da sunan noma, wasu da sunan kirifto, wasu har da rigar addini. Salon ɗaya ne: riba tabbatacciya mai yawa cikin ɗan lokaci, da lada in ka kawo wani. Kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko da shi, ranar da shiga ta ragu sai a rufe. Abin takaicin, wanda ya jawo ka yawanci ɗan uwa ne da shi ma ya yarda da gaske.

Takardar rajistar CAC da suke nunawa shaida ce kawai cewa an yi rajistar suna. Izinin karɓar kuɗin jama'a don juyawa daga hukumar SEC yake fitowa, kuma ana iya duba sunan kamfani a shafinta. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu shirya irin wannan. Ɗaurin wani dai ba ya dawo maka da jarinka.

Kayan da ka saya, kayan da ka aika

Dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa FCCPC. Ta ba mai saye haƙƙin sanin farashi, da karɓar rasit, da samun kaya mai inganci da zai yi aikin da aka saye shi dominsa. In kayan ya zo da aibi, kana da wata uku daga ranar da aka ba ka ka mayar, a gyara, ko a canza, ko a dawo da kuɗinka. Rubutun nan na ƙasan rasit da ke cewa ba a dawo da kaya ko kuɗi bai fi ƙarfin doka ba. A 2022 Babbar Kotun Jihar Inugu ta yanke cewa tsarin ƙin mayar da kuɗin tikiti na kamfanin sufuri na Peace Mass Transit ya saɓa wa wannan doka, ta kuma ce a biya fasinjan da ya kai ƙarar diyyar naira 500,000.

Saboda haka in ka sayi firji, ko injin markaɗe, ko batirin sola a Alaba don aikawa gida, ko uwargida ta sayi waya a Kasuwar Kure, a karɓi rasit mai sunan shago, kwanan wata, da lambar jikin kayan. A gwada kafin a bar shagon. Dokar ba ta rufe wanda ya lalata kaya da hannunsa ba, ko wanda aka nuna masa aibin ya ce ya ji ya gani. Kai ma mai shago, dokar nan tana kanka: mudun da aka bubbuge gindinsa da buhun da aka yi wa kyakkyawan sama duk suna cikin abin da ta hana. A magani da abincin gwangwani a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Kayan da za su bi mota kuma, a karɓi webil mai lambar mota, sunan direba da lambar wayarsa, adadin kaya da sunan mai karɓa, a kuma yi lodi a tashar da ke da ƙungiya. Hanyar Minna zuwa Bidda, Mokwa, Jebba, Ilori har Badun doguwa ce. Ambaliyar Mokwa ta ƙarshen watan Mayun 2025, ban da ɗimbin rayukan da ta ci, ta katse hanya ta bar motocin kaya jibge. Tun kafin mota ta tashi a yi magana: in kaya ya ruɓe ko ya salwanta a hanya, asarar wa ce? Littafin bashin shago shi ma a riƙa ɗaukar hotonsa duk mako. Wanda ya ga yadda shaguna suka ƙone a rikicin Shasha na Fabrairun 2021 ya san takarda ba ta da tabbas.

Kuɗin wuta

Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru, amma hakan bai hana mutumin Dutsen Kura kukan bil ba. Minna tana yankin kamfanin AEDC, kamar yadda Agege ke ƙarƙashin Ikeja Electric, Badun kuma IBEDC. Ƙa'idojin hukumar NERC sun tanadi waɗannan:

An kasa masu amfani da wuta rukuni biyar bisa awannin da aka yi alkawari a rana: A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin A ya haura naira 200 kowane yunit. Duba rukuninka a jikin bil ko rasit ɗin kati. In ana cajinka kuɗin A ba ka samun awannin A, rubuta lokutan kawowa da ɗaukewa na 'yan makonni, hujja ce.

Gidan da ba shi da mita, tun 2020 akwai iyakar da ba a yarda bil ɗin ƙiyasi ya wuce ba. Wanda ya biya kuɗin mita da kansa a ƙarƙashin tsarin MAP, ana mayar masa da kuɗin a hankali ta hanyar yunit. Sayen taransifoma, turaku da wayoyi aikin kamfani ne, ba na unguwa ba, in kuma unguwa za ta yi karo-karo, a yi yarjejeniya a rubuce da kamfanin tukuna. Ba a yanke wuta sai da sanarwa a rubuce. Sabon ɗan haya ba ya gadon bashin wanda ya tashi, don haka ranar da ka shiga gida ko shago ɗauki hoton mita, ka sanar da kamfani a rubuce.

Kada a ba ma'aikaci kuɗi a hannu ba rasit, kada kuma a yarda da mai cewa zai yi maka haɗin bayan mita. Ranar da aka kama, kai za a ci tara, shi ya yi gaba.

Koke yana farawa daga ofishin kula da abokan hulɗa na kamfanin, a rubuce, a buga maka hatimi a kwafinka. Suna da kwanakin aiki 15. In ba su warware ba sai a wuce gaba. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa hukumominsu, kuma Neja, Legas, Oyo, Ogun da Inugu suna cikin waɗanda NERC ta miƙa wa ragama, saboda haka a waɗannan jihohi hukumar lantarki ta jiha ce mataki na gaba.

Haya

Kowace jiha da dokarta. A Legas, dokar haya ta 2011 ta wajabta wa mai gida ba da rasit, ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta kuma sa wa'adin sanarwar tashi in ba a yi wata yarjejeniya dabam ba: wata ɗaya ga mai biyan wata-wata, wata shida ga mai biyan shekara. Dokar ba ta shafi Apapa, Ikoyi, Victoria Island da Ikeja GRA ba. A ko'ina dai, har Minna, mai gida ba shi da ikon cire rufi ko ƙofa ko watsar da kaya waje, kotu ce ke fitar da ɗan haya. Kada ka biya dillali kuɗin gida sai ka ga mai gidan ko takardar wakilci, kuma ka biya ta banki ka rubuta dalilin biyan.

Yadda ake rubuta koke

Shafi ɗaya ya isa. Sunanka da lambar wayarka, abin da ya faru da ranarsa, adadin kuɗin, matakin da ka riga ka ɗauka, da abin da kake so a yi maka. Ban da zagi, ban da dogon labari. Haɗa kwafin rasit, asalin ya zauna a hannunka. In ba ka iya Turanci ba, sa ɗalibi ko sakataren ƙungiyar kasuwa ya rubuta, ya karanta maka kafin ka sa hannu.

Banki da POS, daga banki sai CBN. Layin waya, daga kamfani sai NCC. Wuta, daga kamfani sai hukumar lantarki. Kaya, sufuri da manhajar rance, FCCPC, a Legas kuma akwai hukumar jiha ta LASCOPA. Jabun magani da abinci, NAFDAC. In ma'aikatar gwamnati ce ko kamfani ya danne ka, akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975, tana da ofis a kowace jiha. Marar ƙarfin ɗaukar lauya ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a. Kai koke ga waɗannan hukumomi ba a biyan ko kwabo, duk wanda ya nemi na goro don ya shigar maka da takarda, ka san ba aikin ofis yake yi ba.

Gaskiya ne wani koken yana ɗaukar lokaci, wani ma sai an yi ta sintiri. Amma koken mutum goma da suka sa hannu a takarda ɗaya ya fi na mutum ɗaya nauyi, kuma nan ne ƙungiyoyin kasuwa da fadojin Sarakunan Hausawa za su taimaka ƙwarai in suka ware mutum ɗaya mai ilimi don wannan aiki. Kafin nan, a tura wa na gida wannan bayani, a karanta wa wanda bai iya karatu ba. Allah Ya sa albarka a nema, Ya tsare mana halalinmu.